Igiya da Tsummoki

Daminar 2022 ta wahalar da mutanen Jigawa. Tun cikin watan Agusta sama ta buɗe, aka yi ta sheƙa ruwa ba ƙaƙƙautawa, gidajen ƙasa suka jiƙe suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. A ƙaramar hukumar Kafin Hausa, Bulangu na cikin garuruwan da abin ya fi yi wa ɓarna. Iyalai suka kwashe 'yan komatsansu suka koma azuzuwan makaranta, rumbuna suka faɗi da sauran hatsin bara a ciki, geron da ya fara fid da kai ya kwanta cikin ruwa. Kafin a gama jimamin wannan, kogin Haɗejiya ya cika ya batse, ya ƙara da nasa a ƙasashen Auyo da Haɗejiya.

A cikin garin Kafin Hausa akwai wata 'yar majami'a da ake sujada da Hausa. Jama'arta ba su da yawa, kuma galibinsu aiki ne ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, 'yan kasuwa, sai ɗalibai kaɗan daga Jami'ar Sule Lamido. Da labarin ambaliyar ya bazu, wasu 'yan'uwa masu bi daga nesa suka haɗa hannu suka aiko musu da masara buhu 40, da takarda mai cewa a raba wa waɗanda ruwa ya rushe wa muhalli, ko su wane ne. Ɗakin ajiyar majami'ar yana yoyo, sai aka roƙi wani Alhaji mai sana'ar hatsi ya ba da aron shagonsa na kasuwa, ya kuwa bayar ba tare da ya karɓi ko sisi ba.

Magatakardan majami'ar, wani matashi malamin lissafi, shi aka ba alhakin rubuta sunaye. Ya hau babur ya zaga inda hanya ta bari a bi, inda ba ta bari ba ya naɗe wando ya taka. Da ya dawo ya ajiye littafinsa gaban dattawa, sai aka ga abin da ba wanda ya shirya wa gani. Kusan duk sunayen na Musulmin ƙauye ne. 'Yan majami'a yawancinsu a gidajen haya na bulo suke zaune, ba wanda nasa ya faɗi.

Ma'aji, wani dattijo tsohon ɗan sanda, ya gyara tabarau ya ce, "Malam, wannan hatsi daga hannun 'yan'uwanmu ya fito. Namu ma suna jin yunwa, ka san yadda tiya ta tashi a kasuwa. Ka rubuta gidajenmu tukuna, abin da ya saura a kai ƙauye."

Magatakarda ya ce, "Baba, takardar cewa ta yi wanda gidansa ya rushe. In na rubuta sunanka da nawa na sa hannu, na aika musu da ƙarya ke nan."

"To, in tamu ta same mu, wa zai kawo mana?"

Tambayar dattijon ba ta banza ba ce, kuma duk wanda ya taɓa zama cikin 'yan tsiraru a wani gari ya san tsoron da ke ƙarƙashinta. Amma tsoro ba ya mai da bulo ya zama rusasshen gini. Magatakarda ya ce a karɓi alƙalamin a ba wani in an ga dama, shi dai ba zai rubuta ba. Fasto sabon zuwa ne, bai so ya fara da ɓata wa dattawa, sai ya ce a je a yi addu'a a kai. Aka tashi ba a yanke komai ba.

Mako bai zagayo ba magana ta fara yawo: wai Magatakarda neman suna yake wurin masu gari, wai ya riga ya sayar wa Alhaji buhu 10 sun raba kuɗin. Matarsa ta dawo daga taron zumuntar mata da jajayen idanu, don da ta shiga aka yi tsit, wadda suka saba zama tare kuma ta matsa gefe. A ƙauye ma bai tsira ba. Bulama ya karɓe shi hannu bibbiyu, amma wasu samari suka tare shi a bakin rijiya suka ce sun san irin wannan hatsi, tarko ne, yau masara gobe a ce su bar salla. Ranar da daddare ya zauna ya rubuta takardu biyu, ɗaya ta ajiye muƙamin magatakarda, ɗaya ta neman a mai da shi Dutse.

Kafin ya miƙa su ya biya ya sallami wani tsoho da kowa ke kira Baba. Baba tsohon malamin asibiti ne da ya yi ritaya tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991, ya kuwa koyi karatu yana yaro a makarantar mishan ta SIM da ke Roni. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya karanta ƙananan baƙi, amma Littafi Mai Tsarki ɗinsa, tsohuwar fassarar 1932 da bangonta ya rabu aka ɗinke da zare, kullum yana gefensa cikin leda. Ya same shi a gindin darbejiya kan tabarma, yana ɓare gyaɗa cikin faranti.

Baba ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Ɗana, wanne ya fi maka ciwo, na samarin ƙauye ko na majami'a?"

"Na majami'a, Baba. Su samarin ba su san ni ba. Waɗannan kuwa tare muke cin Jibin Ubangiji."

"Haka Irmiya ma ya ji. Ka san mutumin ina ne? Anatot, wani ɗan ƙauyen firistoci kusa da Urushalima. Ubansa Hilkiya firist ne. Allah ya kira shi yana saurayi, a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, ya yi shekara wajen 40 yana faɗa wa mutanensa maganar da ba su so ji. Waɗanda suka fara ƙulla yadda za su kashe shi mutanen Anatot ne, har da 'yan gidansu. Wanda ya sa aka yi masa dūka aka sa shi a turu ya kwana, Fashur ne, babban jami'i a Haikali. Ba baƙo a cikinsu."

Ya tura masa farantin gyaɗar ya ci gaba. Ya ba shi labarin ranar da aka kai wa sarki Yehoyakim littafin da Baruk magatakarda ya rubuta daga bakin Irmiya. Lokacin sanyi ne, sarki na zaune ga kasko da wuta a gabansa. Duk sa'ad da aka karanta masa 'yan layuka sai ya sa wuƙa ya yanke wurin ya jefa a wuta, har littafin ya ƙone ƙurmus. Baba ya ce, "Kai magatakarda ne, ka san wahalar rubutu, balle nasu da ba inji ba kwafi. Me suka yi? Suka nemo sabuwar takarda suka fara daga farko, har suka ƙara a kan na dā."

Magatakarda ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Shi annabi ne, Baba. Bai gaji ba."

"Wa ya gaya maka? Je ka karanta sura ta 20. Mutumin nan ya gaji har ya la'anci ranar da aka haife shi. Ya taɓa yanke shawara ba zai ƙara ambaton sunan Allah ba, maganar ce ta ƙi zama a cikinsa. Takardarka ta murabus, shi ma ya rubuta irinta a zuciyarsa. Miƙawa ce bai yi ba."

Daga nan Baba ya zo kan rijiyar da aka jefa Irmiya, ya kuwa daɗe a kanta. A zamanin Zedekiya, sarkin Yahuza na ƙarshe, sojojin Babila sun kewaye birnin, abinci ya ƙare. Irmiya na cewa a miƙa wuya a tsira da rai. Fadawa suka ce yana karya wa mayaƙa gwiwa, ɗan amanar abokan gaba ne. Sarki ya san gaskiya amma ba shi da ƙashin baya, ya ce musu ga shi nan a hannunku. Suka zura shi da igiya cikin wata rijiya a farfajiyar matsara, ba ruwa a ciki sai laka, ya nutse cikinta. Dattijo ne a lokacin, ga yunwa.

"A duk fadar nan," in ji Baba, "firistoci na nan, annabawa na nan, danginsa na nan. Wanda ya tashi ya je gaban sarki ya ce abin da aka yi mugunta ne, Ebed-melek ne, bawan fada, mutumin Kush, baƙar fata irinmu, ba ma ɗan ƙabilar ba. Sarki ya ba shi mutane ya ce a je a fito da shi. Ni abin da ke taɓa ni shi ne, bai zarce rijiyar ba. Ya biya wani ɗaki a gidan sarki ya kwaso tsummoki da tsofaffin riguna, ya zura masa su da igiya, ya ce ya sa a hammatarsa kafin ya ɗaura. Na yi aikin asibiti shekaru, na san abin da igiya ke yi wa fatar wanda ya rame. Wani zai fito da kai daga rami amma ya saɓule maka fata. Wannan ya yi tunanin ciwon tun kafin ya ja."

Suka yi shiru. Can Magatakarda ya ce, "To ni ne a rijiyar yanzu, Baba."

"Wataƙila. Amma kada ka yi saurin zaɓar wa kanka matsayi a cikin labari. Kowa in ya karanta, shi ne Irmiya, abokin gardamarsa ne Fashur. Bari in ba ka na Nehemiya."

Nehemiya mai shayar da sarki Artashate na Farisa ne a Shushan. A shekara ta 20 ta sarautarsa, wajen 445 kafin haihuwar Almasihu, ya nemi izini ya je ya gina garun Urushalima. Abokan gabansa Sanballat da Tobiya da Geshem suka fara da ba'a, suna cewa ko yanyawa ta hau ginin zai rushe. Da ba'a ba ta yi ba suka koma barazana, har magina suka riƙa aiki da makami a ɗamara. Sau huɗu suna aika masa ya sauko su gana a filin Ono, yana cewa aikin da ke gabansa babba ne, ba zai bari ba. Na biyar suka aiko da wasiƙa a buɗe, don kowa ya karanta a hanya, wai tawaye yake shiryawa yana so ya zama sarki. Ya ce ƙage ne, ya koma bakin aiki. Aka gama garun cikin kwana 52.

"Wannan kowa ya sani, ana wa'azinsa kullum," in ji Baba. "Sura ta 5 ce ba a cika tsayawa a kanta ba. Ana tsakiyar gini sai kuka ya tashi daga cikin gida. Talakawa da matansu suka ce sun jinginar da gonakinsu don su sami hatsi, wasu 'ya'yansu sun zama bayi saboda bashi, kuma 'yan'uwansu ne suka riƙe su. Nehemiya bai ce musu su ma 'yan adawa ne ba. Ya saurara, ya tara manya ya tsawata musu, ya kuma faɗa a fili cewa shi kansa da 'yan'uwansa suna cikin masu ba da rancen. Ya san muryar da zai toshe wa kunne, ya san wadda zai tsaya ya ji. To kai, ɗana, ka zaga ƙauyuka. Ka zaga gidajen 'yan majami'a?"

"Na san gidajensu, Baba. Duk bulo ne."

"Har na matar marigayi mai gadi?"

Magatakarda ya ɗaga kai. Wata gwauruwa ce mai 'ya'ya huɗu da ke share majami'a ranar Asabar, tana zaune a bayan gari. Baba ya ce ɗakinta ɗaya ya faɗi tun ruwan farko, tana kwana da yara a madafa, kunya ta hana ta faɗa. Ma'aji ne kaɗai ya sani, don shi ke kai mata ɗan abin da ya samu a ɓoye. Maganarsa a taro ta fito a karkace, son kai ya gauraye da ita, amma akwai mutum na gaske a bayanta.

A ganina nan ne masu gaskiya suka fi yawan faɗuwa. Wanda aka yi wa ƙage yakan rufe kunnensa gaba ɗaya, ya daina bambance ƙagen da gyaran da ke tafe tare da shi, har tsayuwarsa ta rikiɗe ta zama taurin kai shi bai sani ba.

Da yamma ya je gidan matar. Ya ga katangar da ta kwanta, ya ga tabarmi a shimfiɗe kusa da murhu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ki yafe mini, ban zo da wuri ba." Ya rubuta sunanta. Washegari ya bi sauran gidajen ɗaya-ɗaya, ya sami wasu biyu da rumbunansu suka faɗi a gonakin aro. Sunayen waɗanda ba abin da ya same su kuwa bai rubuta ba, nasa ma haka. Takardun nan biyu ya bar su cikin aljihun jaka.

Ƙagen buhu 10 bai mutu ba, har ya kai kunnen Alhaji a kasuwa. Ranar Lahadi ana tashi daga sujada sai ga shi a ƙofar majami'a da yaronsa, bai taɓa zuwa wurin ba. Ya yi sallama, ya gaisa da Fasto, ya ce yana roƙon dattawa su taka zuwa shago yanzu. Aka je. Ya buɗe ƙofa ya sa yara suka fito da buhunan waje, aka ƙirga a idon jama'a, 40 cif, ɗinkin bakinsu bai motsa ba.

Ya ce, "Ni ba ruwana da sha'aninku na cikin gida. Amma an sa sunana a cikin sata, an sa na yaron nan. Shekarata 30 ina awo a kasuwar nan ba a taɓa kama ni da tauye tiya ba. Malamin nan kuwa ko ƙwaya bai taɓa ba." Ya juya ga Magatakarda. "Malam, kada ka damu. Annabi Yusuf ma 'yan'uwansa ne suka jefa shi a rijiya, kuma da yunwa ta zo shi ya auna musu hatsi." Ya kuma ce maganar samarin ƙauye a bar masa, zai je wurin Liman da kansa.

Idanu suka koma kan Ma'aji. Kowa ya san daga gidansa maganar ta fito, ko da ba shi ya ƙara mata gishiri ba. Dattijon ya tsaya riƙe da sandarsa, ya rasa inda zai sa ido. Wani ɗalibi ya fara cewa ya kamata a tashi a nemi gafara a gaban kowa, wasu suka ce haka ne.

Magatakarda ya ji daɗin maganar, ba sai an ɓoye ba. Ya tuna jajayen idanun matarsa. Amma ya ga yadda hannun tsohon ke rawa a kan sandar, sai ya matsa kusa da shi ya rage murya. "Baba, ka yi gaskiya a kan Inna, na je na gani, na sa sunanta da wasu biyu. Ranar rabo ina so kai ka riƙe littafin ka kira sunaye. Ni yaro ne, mutanen ƙauye za su fi natsuwa in sun ga furfura." Sannan ya ɗaga murya ya gode wa Alhaji, ya ce rana ta yi zafi, a mai da buhunan ciki. Maganar neman gafara ta bi iska.

An yi rabon ranar Talata a ƙofar gidan Bulama. Liman ya fara magana, ya ce ya ga takardar da idonsa, ba wani sharaɗi a cikinta, wanda ya ba ka abinci ranar yunwa addu'a ce sakamakonsa. Alhaji ya aiko da yaronsa da tiya, ana auna wa kowane gida 10. Ma'aji na zaune kan benci da littafi a cinya, yana kiran suna da muryarsa ta fareti, mata na miƙo buhunan taki da ƙwarya. Biyu daga cikin samarin bakin rijiya suka tsaya daga nesa ba su matso ba, ɗaya kuma ya zo ya karɓar wa mahaifiyarsa bai ce uffan ba.

Ma'aji bai taɓa cewa a yafe masa ba, Magatakarda kuma bai nema ba. Wasu iyalai biyu suka daina gaishe shi har bayan Kirsimeti, matarsa ta daɗe kafin ta saki jiki a zumunta. Da ya koma wurin Baba ya ba shi labari, tsohon ya tambaye shi ko ya san abin da Irmiya ya yi bayan birnin ya faɗi. Shugaban matsaran Babila, Nebuzaradan, ya ba shi zaɓi: ya bi su Babila a kula da shi, ko ya tafi inda ya ga dama. Ya zaɓi ya zauna a Mizfa tare da talakawan da aka bari a ƙasar, cikin jama'ar da ta ƙi jin maganarsa shekara 40.

Magatakarda ya ce, "Na yaga ta murabus ɗin, Baba. Ta Dutse tana nan tukuna."

Baba ya ce, "Bar ta a jaka har rani. Yanzu dai ɗakin Inna na jiran gini. Ka gaya wa Ma'aji ya tara matasa ranar Asabar, shi ya san mai kwaɓa ƙasa."